Shaidu Biyu Daga Hanya Ɗaya

Litinin, 3 ga wata, bayan la'asar

Bismillah. Zinariya, wadda muke ɗaki ɗaya da ita a hostel, ita ta ba ni littafin nan, wai in riƙa juye surutuna a ciki ko kunnenta ya samu ya huta. Na karɓa, na kuma ce mata kada ta sa rai.

Yau aka manna sanarwa: ranar Alhamis 27 ga wata za mu kare furojet. Wannan ne karo na biyu gare ni, kuma na ƙarshe. Bara ban kai ba, aka ƙara mini shekara ɗaya tak. In na faɗi bana, shekara biyar ɗin da na yi a Dutsin-Ma ina karatun lissafi ta tashi a banza, sai in koma ƙauyenmu can gefen Rawayau in zama farfesar tatsar nono. Amma ba zan faɗi ba, in sha Allah.

Abin da zan haɗa ɗan akwati ne mai makunni huɗu da koren ƙwan fitila ɗaya. Kowane makunni amsarsa ko eh ko a'a, ɗaya ko sifili, babu wataƙila. A cikin akwatin get ɗaya ne, wanda a aji ake ce wa tireshol, ni kuma nake ce masa sikeli. Kowane makunni a ba shi nauyinsa, a tara nauyin waɗanda suka ce eh. In jimlar ta kai iyakar da aka sa, fitila ta kama. In ba ta kai ba, shiru kake ji.

Malam Sirajuddeen, mai duba aikina, ya ce in kawo misali daga rayuwa, ya gaji da na littafi. Gobe zan kai masa dokar Baffa, mahaifina.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Daga ƙauyenmu zuwa bakin titi hanya biyu ce, ta Tsamiya da ta Rafi. Tun da abubuwa suka zama yadda suka zama, Baffa ba ya barin kowa ya fita sai ya sami shaidu biyu da suka shigo lafiya a safiyar. Ta Tsamiya mai burodi ne da ɗan acaba. Ta Rafi kuwa mai kayan miya ce da malamin firamare. Sharaɗinsa shi ne shaidun biyu su zama daga hanya ɗaya. Ɗaya nan ɗaya can, ko sun dafa Alƙur'ani, ba mai fita.

Na zana wa Malam a allo, makunni huɗu, mutum huɗu. Ya daɗe yana kallo yana shafa gemu.

"Da get ɗaya za ki yi wannan?"

"Da ɗaya, Malam."

"Kin tabbata?"

"Kamar yadda na tabbata sunana Sauda."

Ya yi wani ɗan murmushi ya ce Allah ya ba da sa'a. Na fito ina tafiya kamar wadda aka riga aka ba satifiket.

Laraba, 5 ga wata, da safe

Laraba. Ban fita ko'ina ba.

Juma'a, 7 ga wata, bayan azahar

Yau ranar murna ce! Akwai sharaɗin da dole kowace doka ta cika kafin sikeli ya iya ɗaukarta: ƙarin mai cewa eh kada ya kashe fitilar da ta riga ta kama. Na bi layi goma sha shida na teburin da ke jera duk yadda makunni huɗu za su iya zama, ɗaya bayan ɗaya, dokar Baffa ta wuce sumul. Ai dama Baffa bai taɓa cewa shaidu sun yi yawa ba.

Na ce wa Zinariya aiki ya ƙare, saura neman nauyi kawai. Ta ce to a yi walima. Ta dafa taliya da manja da yaji, muka ci har muka kasa tashi. Ita ilimin tsirrai take karanta, duk abin da na faɗa sai ta ce "Allah ya ƙara basira", alhali ko kalma ɗaya ba ta shiga kanta ba.

Na kira Inna. Lafiya lau, gero ya yi kyau, saniyar nan mai taurin kai ta haihu. Ta ce Hamma Hudu yana gaishe ni. Ita ta faɗa dai, ni ban ji muryarsa ba. Fillancin da ya rage mana a gida bai wuce kiran uba Baffa da kiran yaya Hamma ba, to shi ma Hamman nawa yanzu sai ta bakin Inna.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe huɗu

Na ba kowa nauyi ɗaya, na sa iyaka biyu. Mai burodi da ɗan acaba, ta kama. Mai kayan miya da malami, ta kama. Na yi tafi. Sai Zinariya ta miƙo hannu da wasa ta danna mai burodi da mai kayan miya. Ta kama.

Na fizge batirin har waya ta tsinke. Ta ce, "Ke lafiyarki? Fitila ce fa, ba maciji ba." Na ce hannuna ne ya zame.

Litinin, 10 ga wata, da yamma

Uku, uku, biyu, biyu. Bai yi ba. Uku, ɗaya, biyu, biyu. Bai yi ba. Na toshe nan, ta ɓulle can, kamar ɗinkin tsohon buhu. Ba komai, mai nema yana tare da samu.

Laraba, 12 ga wata, da hantsi

Ba sabis a gida tun jiya.

Alhamis, 13 ga wata, bayan la'asar

Har yanzu waya ba ta shiga. A bakin get ɗin makaranta 'yan acaba sun taru suna magana ƙasa-ƙasa, na ji an ambaci wajenmu, sai na ƙara sauri. Ba na son labarin da ba shi da mai shi.

Na cika shafi tara da lambobi. Na gwada rabi, na gwada kwata, har da nauyin da ya fi na buhun masara. Zinariya ta leƙo ta ce ko in ƙara wa mai burodi nauyi, tunda duk masu burodin da ta sani ƙattai ne. Na yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta tafi ta bar hawayen. Ba ta tambaye ni komai ba, shayi kawai ta haɗa mini. Yarinyar nan Allah ya ba ta miji nagari mai haƙurin cin taliya.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe biyu

Alhamdu lillahi! Inna ta kira daga Kurfi. Baffa ya kawo su, ita da yara, gidan Gwaggo Batula, ƙanwarsa, "na ɗan kwana biyu". Shi da Hamma sun koma wajen shanu. Na ce me ya faru? Ta ce ba komai, canjin iska ne. Inna da ko gidan suna ba ta kwana, yau ita ce da canjin iska. To, na ji.

Gobe zan je in gan su.

Asabar, 15 ga wata, bayan magariba

Na je Kurfi na dawo. Zan rubuta a hankali, don kaina bai gama zama ba.

Inna ta rame kaɗan, amma bakinta yana nan, tun daga zaure ta fara faɗan ban sa man shanu a gashina ba. Na tambayi babur ɗin Hamma, ta ce yana nan inda yake, a rufe da tabarma, kaji har sun fara ƙwai a ƙarƙashi. Shekara guda ke nan bai taɓa shi ba.

Gwaggo Batula hatsi take saye da sayarwa. Da azahar za a kai mata buhu huɗu tasha a babur biyu, bibbiyu. Masu babur suka fara ƙorafi, kowa yana cewa nasa ya fi nauyi. Ni kuma uwar iyayi na shiga tsakani, na ce a ɗauke wannan a haɗa da wancan. Aka sauya. Ɗayan ya ce yanzu shi aka cuta. Na ce a sake sauyawa. Gwaggo ta cire tsinken sakace daga baki ta ce:

"Ke 'yar boko, ko kin wuni kina juya su, buhu huɗun nan dai su ne. In kin rage wa wannan, wancan kika ƙara wa. Ku ɗaure ku tafi, rana tana yi."

Wallahi sai da na zauna a kan turmi.

Ga shi nan ƙiri-ƙiri. Mai burodi da ɗan acaba dole su kai iyaka. Mai kayan miya da malami dole su kai iyaka. Ke nan su huɗun a haɗe sun kai ninki biyu na iyaka. To a sauya su: mai burodi da mai kayan miya dole su kasa, ɗan acaba da malami dole su kasa. Ke nan su huɗun a haɗe ba su kai ninki biyu na iyaka ba. Mutum huɗun nan dai su ne! Ba yadda za a yi nauyinsu ya kai kuma ya kasa. Ba wai ban samo lambobin ba ne. Babu su, ba a halicce su ba.

Gwaggo ta ce me ya same ni na yi tsuru-tsuru. Na ce ta kashe mini furojet. Ta ce, "Allah ya jiƙansa, tashi mini daga turmi."

Lahadi, 16 ga wata, da rana

Saura kwana goma sha ɗaya, kuma akwatina gawa ne.

Litinin, 17 ga wata, bayan azahar

Na je wa Malam Sirajuddeen da takarda ɗaya da jajayen idanu. Na ce, "Malam, ba ya yiwuwa." Ya karanta layi huɗun nan, ya sake karantawa, sai ya kwashe da dariya har hularsa ta karkace.

"Ai na sani tun ranar da kika zana shi."

Haba! Raina ya ɓaci, na manta a gaban wa nake. Na ce, "Malam, ka sani ka bar ni ina ta wahala sati biyu, kuma ka san wannan ce dama ta ƙarshe?"

Ya ce, "Da na faɗa miki, da kin haddace. Yanzu kuwa ko a barci aka tashe ki ba mai ƙwace miki shi. Wa ya nuna miki?"

Na ce gwaggota mai hatsi. Ya ce a kai mata gaisuwa, in tana neman aiki akwai gurbi a sashe.

Sannan ya zauna ya yi mini bayani. Sharaɗin da na yi wa walima wajibi ne, amma shi kaɗai bai isa ba. Akwai na biyu, wanda na faɗa a kansa a Kurfi: in aka sami yanayi biyu da fitila ke kamawa, da yanayi biyu da ba ta kamawa, kuma mutanen da ke cikinsu in an tara su ɗaya ne, to sikeli ɗaya ba zai taɓa ɗaukar dokar ba. Ya ce in rubuta wannan hujja, ita ce zuciyar aikin. Akwatin kuma in yi shi da get biyu. Na farko ya saurari 'yan Tsamiya kaɗai, sai duka biyun sun ce eh ya ce eh. Na biyu ya karɓi amsar na farko da nauyi biyu, ya ba mai kayan miya ɗaya, malami ɗaya, iyaka biyu.

Ya ƙara da cewa mai jarrabawar da za ta zo daga waje ba ta da wasa, kuma sauya taken aiki saura kwana goma ba ƙaramin abu ba ne. In ban gamsar da ita ba, shi ba abin da zai iya yi mini.

Da zan fita ya ce, "Mahaifinki ya san abin da yake yi. Mutum ɗaya zai iya wucewa da sa'a. Na biyu ne ke gaya maka hanyar ce lafiya, ba sa'ar na farko ba." Na ce haka ne, na fita da sauri.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe goma na safe

Laraba ce, kuma yau zan rubuta.

Bara, wata Laraba, ana saura kwana uku in miƙa aiki, na manta laftof ɗina a gida. Na kira Hamma na ce ya kawo mini. Ya ce Baffa ya fita da shanu, kuma shaidu ba su cika ba, mai burodi ya shigo, mai kayan miya ta shigo, shi ke nan. Na ce masa, "Haba Hamma, biyu ai biyu ne. Ni ce fa mai karatun lissafi."

Ya tada babur.

Kwana arba'in da ɗaya yana hannun 'yan bindiga. Laftof ɗin bai dawo ba, shi ya dawo, alhamdu lillahi. Ba wanda ya san da kiran nan sai ni da shi, kuma bai taɓa faɗa ba.

Sati biyun nan da nake neman lambobi, ashe so nake a ce tarawa ma hanya ce. To ba hanya ba ce, ga hujja da hannuna na rubuta.

Alhamis, 20 ga wata, da yamma

Na yi wa Hamma saƙon murya. Sau shida ina gogewa. Na bakwai na tura. Bai shiga ba, ba sabis.

Asabar, 22 ga wata, bayan la'asar

Akwati ya tashi daga matattu! Na ƙona yatsa biyu da ƙarfen liƙe waya, amma layi goma sha shida duk sun fito daidai. Zinariya ta zama mai jarrabawa, ta ɗaura ɗankwali a kan hanci wai tabarau ne, ta ce, "Malama Sauda, gaya wa kwamiti, me ya sa mai burodi ba ya kawo na jiya?" Na jefe ta da filo.

Na rubuta babi na uku. A shafin godiya na sa Gwaggo Batula a sama da shugaban sashe, Malam ya ce in mayar da ita ƙasa kaɗan don zaman lafiya.

Litinin, 24 ga wata, da safe

Saƙon bai shiga ba.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe uku

Inna ta ce wani ya zo daga ƙauye, Baffa ya aiko a gaya mini zai zo ranar Alhamis in hanya ta ba da. Na ce a mayar masa da amsa kada ya zo. Ta ce, "Ke kin taɓa ganin an aika wa Baffanki da kada?" Na roƙe ta dai a ce masa ya bi dokarsa, ko da zan kare aikin ba kowa. Ta ce ai shi bai taɓa karya ta ba. Ban san ko da wata manufa ta faɗa ba.

Na goge hijabina mai ruwan toka. Zinariya ta ara mini takalmi, ya matse ni, amma kyau ai sai da wuya.

Laraba, 26 ga wata, bayan azahar

Bai shiga ba. Gobe ne.

Alhamis, 27 ga wata, bayan la'asar

Ni ce ta huɗu. Mai jarrabawar wata farfesa ce 'yar siririya, Farfesa Nana Fatima, ta sa na biyu kuka kafin ni. Na leƙa waje kafin in shiga, ban ga kowa namu ba, na ce gara haka.

Na yi bayani. Na rubuta layi huɗun a allo. Farfesa ta juya takarduna ta ce:

"Taken farko ya ce get ɗaya. Kin kasa, sai kika sauya. Me ya hana ki gyara dokar? Ki ce kowane shaidu biyu sun isa. Get ɗaya, aiki ya yi sauƙi, kaya sun yi araha. Injiniya mai hankali haka zai yi."

Malam ya sunkuyar da kai. Amsar da na shirya ta littafi ce, ta gudu ta bar ni. Na ji bakina yana cewa:

"Ranki ya daɗe, an taɓa gyara ta haka. Ni na gyara. Yayana ne ya bi hanyar."

Farfesa ta ajiye takarduna. Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce, "Yana raye?" Na ce eh. Ta ce, "Alhamdu lillahi." Sai ta mayar da tabarau ta ce in nuna mata yadda za a gane irin wannan doka in makunnan sun kai shida. Na nuna. Ta yi tambaya uku, na amsa biyu da rabi. Ta rubuta wani abu ta ce, "Akwati ake lanƙwasawa ya bi doka, kin yi daidai. Gyara shafi na sha tara, je ki."

Na ci! Na ci! Malam ya biyo ni baranda ya faɗa mini, har da ɗaga babban yatsa.

Ina saukowa da akwatina a hannu na hango malafar Baffa a gindin darbejiya. Ya zauna a kan benci kamar shi ya gina jami'ar. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "To ɗiyata, shekara biyar, mi kika gano?"

Na ce na gano dokarsa ba ta yiwuwa da tarawa, dole sai an san daga wace hanya kowa ya fito.

Ya ce, "Ikon Allah. Da kin tambaye ni ai da na rage miki huɗu da rabi."

Sai na ga babur a bayan bishiyar, da kashin kaji a jikin tankinsa. Hamma yana jingine da shi. Ya rame, ya yi furfura biyu a gemu da ban san da su ba. Na kasa ƙarasawa. Shi ya tako.

"Ta Rafi muka biyo," ya ce. "Malami ya makara, sai da na jira shi." Ya ɗaga wayarsa. "Saƙonki a bakin titi ya shigo. Na ji. Sauda, ni ma na san dokar nan, na riga ki saninta. Ba ke kika murɗa makulli ba."

Na buɗe baki, ya ce in bari, mutane suna kallo, kuma takalmin nan ba nawa ba ne. Na yi dariya, hawaye yana shiga mini baki.

Ya karɓi akwatin ya ce in nuna masa wane ne wane. Na nuna. Ya danna mai kayan miya da malami, kore ya kama, Baffa ya ce madalla. Ya kashe. Sai ya sa yatsa a kan mai burodi ya danna, ya nemo mai kayan miya ya danna. Mu uku muka zuba wa ƙwan ido.

Bai kama ba.

Hamma ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙo mini akwatin ya ce, "Yawwa. Yanzu kin iya lissafi."